Jami'ar Musulunci tsakanin zaure da lakwal: misalin Sayi

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu duba rawar da jami'ar Musulunci take takawa wajen bunƙasa ilimin addini da kuma ci gaban al'umma. Da yake batun yana da faɗi, mun zaɓi misali guda wanda ya fi kusa da mu, watau Jami'ar Musulunci ta Nijar da ke garin Sayi. Za mu riƙa waiwayar wasu jami'o'i kamar Azhar ta Masar da jami'ar Mbale ta Yuganda, amma sai inda kwatanci zai ƙara mana haske.

Abin da muke son mu nuna shi ne: a ƙasarmu jami'ar Musulunci ta tarar da hanyoyi biyu na neman ilimi waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, zauren malam da kuma lakwal. An kafa ta ne domin ta haɗa su. Saboda haka, idan za a auna nasararta, yawan ɗalibai ko girman gine-gine ba su isa ba. Sai an dubi abin da ɗalibinta yake iya yi idan ya koma Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa: da wane harshe yake magana da jama'a, wane aiki yake samu, kuma yaya malaman gari suke kallonsa.

1. Neman ilimin addini kafin zuwan jami'a

Kalmar «jami'a» da kalmar «jami'i», watau babban masallacin Juma'a, tushensu ɗaya ne a Larabci, kuma ma'anarsa tarawa. Wannan ba dace ba ne kawai. Tsofaffin cibiyoyin ilimi na duniyar Musulmi a masallaci suka fara: Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekara ta 859, Azhar a Alƙahira wadda aka fara gininta a shekara ta 970, Zaituna a Tunis, Sankore a Tumbuktu. Malami yakan jingina da ginshiƙi, ɗalibai su kewaye shi, a karanta littafi ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ƙasashenmu ma a kan wannan tsari suka tashi. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya ratsa ƙasar Abzin, ya koyar a can, kafin ya isa Kano da Katsina da Gawo. A ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a shekara ta 1754, ya yi tattaki har Agadas domin ya yi karatu wajen Malam Jibrilla ɗan Umaru. Shi kansa garin Sayi sunansa ya fito ne a farkon ƙarni na 19, sa'ad da Alfa Mahaman Jobbo ya zauna a can, almajirai da masu neman addu'a suka riƙa zuwa wurinsa daga ƙasashen Zabarma da Fulani da Gurma.

Har yau ana bin matakan da aka gada. Yaro yakan fara da makarantar allo har ya sauke Alƙur'ani. Wanda yake son ƙari sai ya shiga makarantar ilimi, wadda aka fi sani da karatun zaure. A fannin fiƙihu yakan fara da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya wuce zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid, sannan Askari, har ya kai Muhtasar na Halilu. A nahawu akwai Ajurumiyya da Alfiyya ta Ibn Malik, a tafsiri akwai Jalalaini, a hadisi akwai Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ɗalibi yana karanta jimla da Larabci, malam yana fassara masa da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fillanci, ko Barbarci, ko Buzanci.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a korar mutum saboda shekarunsa. Ɗan kasuwa yana iya ɗaukar karatu bayan sallar asuba sannan ya buɗe shagonsa. Ɗalibi yana koyon ladabi da halin malaminsa tare da littafin. Sai dai yana da rauni guda biyu. Na farko, karatun ba ya da ƙayyadadden lokaci, mutum yana iya shekara ashirin bai gama ba. Na biyu, shaidar da ake bayarwa, watau ijaza, daga malami take fitowa zuwa ga ɗalibi. Malamai sun san darajarta, amma ofishin gwamnati bai san ta ba.

2. Lakwal da madarsa

Da Turawan Faransa suka kafa mulkinsu, sai suka zo da lakwal, harshenta Faransanci, kuma babu darasin addini a cikinta. Daga nan ne hanya ta rabu biyu. Wanda ya bi lakwal yana iya zama akawu ko malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, a biya shi albashi. Wanda ya bi zaure yana iya zama limami ko mai ba da fatawa, amma a takardun gwamnati ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, ko da kuwa ya haddace Alfiyya. Iyaye da yawa a karkara sun ƙi ba da ƴaƴansu ga lakwal saboda tsoron kada su rabu da addini, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ilimin boko ya yi jinkirin yaɗuwa a ƙasarmu.

Faransawa sun gwada wata hanya ta tsaka-tsaki tun farkon ƙarni na 20, inda suka buɗe madarsa a Janne da Tumbuktu da Sanluwi ta Sanigal. A Nijar sai a shekara ta 1957 aka buɗe madarsa ta farko, kuma a Sayi aka buɗe ta. Daga wannan iri ne makarantun faranko-arab suka tsiro, inda ake koyar da Larabci da darussan addini tare da Faransanci da lissafi da kimiyya. Bayan samun mulkin kai a shekara ta 1960 sun ci gaba da ƙaruwa, daga firamare zuwa kwaleji zuwa lise.

To amma sai wata tambaya ta taso: ina ɗan madarsa zai dosa bayan ya gama? Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a shekara ta 1971, da Faransanci take koyarwa. Hanyar da ta rage ita ce neman gurbin karatu a waje: Azhar, ko Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a shekara ta 1961, ko Libiya, ko Maroko, ko Sudan. Guraben ba su da yawa, kuma wanda ya tafi yakan shekara biyar ko goma bai ga gida ba. Maƙwabtanmu na arewacin Najeriya sun riga mu warware wannan matsala, domin tun a shekara ta 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, wadda ta zama makarantar nazarin Larabci a shekara ta 1947, daga baya kuma aka shigar da Larabci da ilimin addini cikin jami'o'in gwamnati. A Nijar ba a samu irin wannan gada ba.

3. Kafuwar Jami'ar Sayi

Farkon shekarun 1970 lokaci ne da dangantaka ta ƙarfafa tsakanin ƙasashen Larabawa da na Afirka. Sarki Faisal na Saudiyya ya ziyarci Nijar a shekara ta 1972, zamanin shugaba Diori Hamani. A watan Fabrairu na shekara ta 1974, a taron ƙoli na biyu na Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, O.C.I., da aka yi a birnin Lahor na Pakistan, aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka kudu da Sahara: ɗaya a Nijar domin ƙasashen yamma, musamman masu aiki da Faransanci, ɗaya a Yuganda domin ƙasashe masu aiki da Ingilishi. Wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai ƙarƙashin Seyni Kountché, amma sabuwar gwamnati ba ta yi watsi da shirin ba. Jami'ar Sayi ta karɓi ɗalibanta na farko a shekara ta 1986, ta Mbale kuwa a shekara ta 1988.

Zaɓen Sayi yana da dalili. Garin yana bakin kogin Isa, kimanin kilomita 55 kudu da Yamai, ga tarihin Alfa Mahaman Jobbo, ga kuma madarsa ta farko. Amma ya kamata mu lura da wani abu tun yanzu: jami'ar tana cikin ƙasar Nijar, sai dai ba jami'ar gwamnatin Nijar ba ce. Tana ƙarƙashin inuwar O.C.I., kuma babban kaso na kuɗin tafiyar da ita daga asusun taimakon juna na ƙungiyar da gudummawar ƙasashe da masu hannu da shuni yake fitowa. Ɗalibanta ma ba ƴan Nijar kaɗai ba ne. Akwai ƴan Mali da Burkina Faso da Najeriya da Benin da Gine da sauran ƙasashen yankin.

Ta fara ne da harshen Larabci da ilimin addinin Musulunci, sannan shari'a da dokoki, da horar da malaman makaranta. Daga baya aka buɗe sashen mata a Yamai, aka kuma ƙara fannoni irin su tattalin arziki da kimiyya da aikin gona. Wannan faɗaɗawa ba sabon abu ba ne ga jami'o'in Musulunci. Ita kanta Azhar, da dokar gyara ta shekara ta 1961, ta buɗe sassan likitanci da injiniyanci da aikin gona kusa da tsofaffin sassan shari'a da usuluddini da Larabci.

4. Abin da jami'a ta sauya a ilimin addini

Za mu iya taƙaita sauyin cikin abubuwa huɗu.

Na farko, karatu ya tashi daga littafi ya koma fanni. A zaure ana cewa wane ya karanta Risala. A jami'a ana cewa ya yi darasin fiƙihun ciniki, ko usulul fiƙihi, ko ilimin gado, kuma a cikin darasi ɗaya ana iya duba littattafai biyar. Wannan yana ba ɗalibi damar ganin hujjar kowace mas'ala da saɓanin mazhabobi a kanta. Abin da ake rasawa shi ne irin laƙantar littafi guda da ɗan zaure yake yi, har ya san inda kowace kalma take.

Na biyu, Larabci ya zama harshen magana da rubutu. Malamin zaure yana iya warware jimla mafi wuya a Muhtasar, amma sau da yawa bai saba hira ko rubuta wasiƙa da Larabcin zamani ba, domin bai taɓa buƙatar haka ba. Ɗan jami'a dole ne ya saurari lacca, ya rubuta jarrabawa, ya kare kundin bincikensa gaban malamai, duka da Larabci.

Na uku, an ƙayyade lokaci, kuma shaida ta koma hannun hukuma. Karatu yana da shekarun da aka yanka masa, daga lisans zuwa gaba, kuma takardar da ake bayarwa tana ɗauke da hatimin jami'a. Da ita ana iya neman aiki ko ci gaba da karatu a wata ƙasa. A ganinmu wannan shi ne sauyi mafi girma, domin a karo na farko mai ilimin addini ya samu takardar da ofis yake iya karantawa.

Na huɗu, jami'a ta tara mutanen da ba su saba zama wuri ɗaya ba. Musulmin ƙasarmu kusan duka mabiya mazhabar Malikiyya ne, amma akwai ƴan Tijjaniyya da ƴan Ƙadiriyya, akwai kuma ƴan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a shekara ta 1978 ta kuma shigo Maraɗi cikin shekarun 1980. A gari kowa da masallacinsa da malaminsa. A aji kuwa benci ɗaya suke zama, jarrabawa ɗaya suke rubutawa, kuma ana neman kowa ya kawo hujja daga littafi. Ba mu ce wannan yana kawar da saɓani ba. Yana dai koya wa matasa yadda ake yin saɓani ba tare da zagi ko kafirta juna ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

5. Amfanin jami'a ga al'umma

Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta nuna cewa ƴan Nijar sun haura miliyan 17, kuma kashi 99 cikin 100 Musulmi ne. A irin wannan ƙasa, ingancin masu koyar da addini ya shafi kowa. Ga wuraren da muke ganin tasirin jami'a ya fi bayyana.

Makarantu. Makarantun faranko-arab, na gwamnati da masu zaman kansu, sun yawaita a birane da ƙauyuka, har Bankin Musulunci na raya ƙasashe ya zuba kuɗi cikin shirin ilimi mai harshe biyu a Nijar da Cadi. Kowace irin wannan makaranta tana buƙatar malaman Larabci da aka horar, da sufetoci, da masu rubuta littattafan karatu. Nan ne mafi yawan ɗaliban Sayi suke samun aiki. Uban da yake ƙin lakwal yakan yarda da madarsa, musamman ga ɗiyarsa, idan ya ga malamin da ke ciki ya san addini. Ta wannan hanya jami'ar Musulunci tana taimaka wa yaɗuwar karatu da lissafi da Faransanci ma, ko da yake ba a cika lura da haka ba.

Shari'a. A Nijar, tun dokar tsarin kotuna ta shekara ta 1962, batutuwan aure da saki da gado da gonaki ana yanke su ne bisa al'adar masu ƙara, kuma alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada. Ga mafi yawan jama'a, abin da ake kira al'ada a nan cakuɗe yake da fiƙihun Malikiyya. Mu ɗauki misalin manomi a jahar Maraɗi da ya rasu ya bar gona ɗaya, da mata biyu, da ƴaƴa maza da mata. Alƙalin da ya yi karatun doka da Faransanci bai karanci ilimin gado ba. Malamin gari ya san cewa matan biyu za su raba kashi ɗaya cikin takwas, kuma ɗa namiji yana da rabon mata biyu, amma bai san abin da dokar karkara ta shekara ta 1993 ta tanada game da rajistar filaye ba. Sau da yawa a tsakanin waɗannan biyu ne rabon ƴaƴa mata yake salwanta, a ce mace ba ta gadon gona, alhali kuwa ba haka shari'a ta ce ba. Wanda ya karanci shari'a da doka tare shi ne zai iya toshe wannan kafa.

Mata. Karantar da mata yana da tushe a wannan yanki. Nana Asma'u ɗiyar Shehu (1793-1864) ta horar da jajis da ke shiga ƙauyuka suna karantar da ƴan'uwansu mata, tsarin da aka sani da ƴan taru. Sashen mata na jami'a ya ɗora ne a kan wannan gado. Macen da ta yi lisans a shari'a tana iya amsa wa mata tambayoyin da suke jin nauyin yi wa malami namiji, game da haila da biƙi da idda da haƙƙin ciyarwa. Tana iya shiga muhawarar dokar iyali, wadda aka daɗe ana ja-in-ja a kanta tun shekarun 1990, da iliminta na kanta, maimakon a riƙa magana da sunanta.

Wa'azi da zaman lafiya. Bayan babban taron ƙasa na shekara ta 1991 ƙungiyoyin addini sun yawaita, sannan gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, yau kuma ga wayar salula da WhatsApp. Kowa yana iya ɗaukar murya ya ba da fatawa. Mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairu na shekara ta 2015, inda aka ƙona majami'u, mun kuma ga harin da Boko Haram ta kai Difa da Boso a watan Fabrairu na wannan shekara. Soja yana iya tsare iyaka, amma saurayin da aka karanta wa aya aka karkatar masa da ma'anarta, sai wanda ya fi mai karkatarwar ilimi ne zai iya dawo da shi.

Tarihi. A cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni, I.R.S.H., akwai sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami, mai ɗauke da kimanin kundi 4.000, wanda Boubou Hama ya fara tarawa. Akwai kuma wasu masu yawa a gidajen malamai a Agadas da Abalak da Damagaram da Sayi, gara da ruwan sama suna cinye su. Masanin tarihin da bai iya Larabci ba ba zai karanta su ba, malamin zaure kuwa bai koyi hanyoyin tantance kundi ba. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban jami'ar Musulunci.

6. Matsalolin da suka rage

Matsala ta farko ita ce harshe. Ɗalibin da ya ƙware a Larabci amma Faransancinsa yana da rauni, idan ya zo gasar ɗaukar ma'aikata sai ya tarar da ƙofa a rufe. Waɗanda ake kira arabizan sun daɗe suna kukan cewa ana ɗaukar su masu ilimi na daraja ta biyu. Dokar shekara ta 2001 ta sanya Larabci cikin harsunan ƙasa guda goma, amma hakan bai sauya harshen ofis ba. A watan Maris na shekara ta 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Wannan ya fito da wani ɓangare na matsalar da aka daɗe ana mantawa da shi. Jama'ar da ɗalibi zai koma wa ba Larabci suke ji ba, ba kuma Faransanci ba. Zaure ya fi jami'a a nan, domin shi ne ya ƙirƙiro kalmomin fiƙihu da tauhidi a harsunanmu. Fassarar Alƙur'ani da Hausa da ake karantawa a Maraɗi da Damagaram, ta Shehu Abubakar Gumi ko ta Shehu Nasiru Kabara, daga Najeriya ta zo. Abdou Moumouni ya yi kira tun a shekara ta 1964, cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, da a koyar da yara da harsunansu. Muna ganin kiran ya shafi jami'ar Musulunci kamar yadda ya shafi lakwal: ya kamata fassara da rubutu da harsunan gida su zama darasi na dole ga duk mai karatun shari'a ko da'awa.

Matsala ta biyu ita ce aiki. Aji da mumbari ba za su ɗauke dukan masu fitowa kowace shekara ba. Buɗe sassan tattalin arziki da aikin gona mataki ne mai kyau, amma a nan jami'ar tana gogayya da jami'o'in gwamnati da aka buɗe a Maraɗi da Damagaram da Tawa a shekara ta 2010, da wasu huɗu a shekara ta 2014. Idan darasin tattalin arzikinta daidai yake da nasu, me ya bambanta ta? Amsar tana wuraren da ilimi biyu suke haɗuwa: bankin da ba ya ta'ammali da riba, tsara zakka, kula da wakafi, rabon gado, sasanta manoma da makiyaya.

Matsala ta uku ita ce kuɗi. Jami'ar da ke jiran gudummawa daga waje, kasafinta yana hawa da sauka tare da farashin man fetur da siyasar masu bayarwa. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yakan so a ji ra'ayinsa game da littattafai da malamai. Tsofaffin cibiyoyi irin su Azhar da Ƙarawiyyin da wakafi suka rayu ɗaruruwan shekaru, watau shaguna da gonaki da gidajen haya da aka tsayar domin su. Jami'ar Mbale ta bi wannan hanya da babban ginin Sarki Fahad da ke Kampala, wanda kuɗin hayarsa yake shiga asusunta. Alhazan Maraɗi da suka saba gina masallatai suna iya tsayar da shago ɗaya domin ciyar da ɗalibai goma, kuma ladan ba zai gaza ba.

Matsala ta huɗu ita ce dangantaka da zaure. Wani ɗan jami'a yakan dawo gida yana raina malamin da ya koya masa alif da ba, yana cewa karatunsa na gargajiya ne. Shi kuma malam yakan ce yaron takarda gare shi, ba karatu ba. Kowanensu yana da ƴar gaskiya. Amma da ɗan gari akan ci gari: malamin zaure ne ake kira wajen suna da ɗaurin aure da jana'iza, shi jama'a suka amince da shi. Ya kamata jami'a ta buɗe ƙofa ga ƙwararrun ƴan zaure ta hanyar jarrabawar shiga da ajin share fage, ta kuma riƙa gayyatar manyan malamai su karantar da littattafan da suka laƙanta.

Kammalawa

Mun ga cewa Jami'ar Sayi ta zo ne domin ta cike giɓin da mulkin mallaka ya bari tsakanin zaure da lakwal. Ta samar wa ɗan madarsa wurin ci gaba da karatu kusa da gida, ta ba ilimin addini takardar shaida, ta horar da malaman makaranta, ta buɗe hanya ga mata. Abin da ya rage mata shi ne ta fitar da mutumin da zai karanta Muhtasar da Larabci, ya fahimci dokar ƙasa da harshen da aka rubuta ta, sannan ya zauna a ƙofar gidan mai gari ya bayyana wa magada rabonsu da Hausa ko Zabarmanci. Muna fatan sassan nazarin harsuna da tarihi da doka na jami'o'in gwamnati za su haɗa hannu da ita a kan ayyuka biyu da za a iya farawa ba tare da kuɗi mai yawa ba: ƙamus na kalmomin fiƙihu da doka cikin Larabci da Faransanci da Hausa, da kuma jerin sunayen tsofaffin kundayen da ke gidajen malamai, jaha bayan jaha.